Hancin Tsohon Mahauci

Uwata ƙarama,

Shekara ashirin ke nan ko fiye, wani mai sayen fatu ya zauna a gefen teburina a mayanka yana jiran a gama fiɗa, ya ce min wai a manyan kamfanonin nama babu abin da ake zubarwa. Wai saniyar da likitan dabbobi ya ce a binne ba a binne ta, wanka ake yi mata, a niƙe, ta dawo a cikin leda da hoton saniya mai fara'a a jiki. Na ce masa ya je ya gaya wa wanda bai taɓa riƙe wuƙa ba. Nama ba ya iya rufa wa kansa asiri. In ya lalace, da ƙafarsa yake kawo ƙarar kansa wurin hanci. Mutumin kuma dama ko gaisuwarsa sai ka tace kafin ka amsa.

Kin ga tsufa, na fara da labari ban gaishe ki ba. Ke da kika ci sunan mahaifiyata ba a yi miki haka, a yi min afuwa. Ina fatan kina lafiya, ke da yaran biyu, da aiki. Ni dai gwiwata ta hagu ta yi murabus, ta dama tana nan tana shawara. Inna tana gaishe ki. Ta ce in tambaye ki ko kin manta bayan da ya goye ki tun ranar da ƙanwata ta rasu ta bar mana ke, tunda wata huɗu ba mu ga rubutunki ba.

Saboda Innar ma na ɗauki biro. Tun watan jiya jiri yake ɗibarta. Ran nan ta tashi daga wanke-wanke sai da ta kama ƙofa. Na kai ta asibiti, likita ya ja fatar idonta ƙasa ya ce jininta ya yi ƙasa sosai. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce kuma a riƙa ba ta jan nama kullum, mai laushi, tunda haƙoran da suka rage mata ba su kai a kira su taro ba. Shekara arba'in da ɗaya ina aurenta, talatin da takwas a ciki ina shigowa gida da nama a hannu, sai yanzu da aka rufe mayanka likita ya tuna tana bukatarsa. Wurin da muke yanka a da, yanzu wajen ajiye motoci ne. In na wuce ina iya nuna miki daidai inda teburina yake, wata farar mota ce take kwana a kai.

Nama a garin nan yanzu sai na firjin kanti, a cikin leda. Niƙaƙƙen kuwa na kamfanin da kike aiki ne, shi nake saya mata kullum da safe. Har ina ce wa mai kanti ya bi ledar a hankali, wataƙila 'yata ta taɓa ta.

Mai ƙorafi a gidan nan ɗaya ce, Sufeto. Kin tuna kyanwar Inna, wadda na raɗa wa sunan nan saboda ba abin da zan shigo da shi ba ta duba ba. Na miƙa mata ɗan gutsure ta sunsuna, ta dube ni kamar na zagi iyayenta, ta yi tafiyarta. Sai na sayo mata na gwangwani mai hoton kyanwa, shi ma na kamfaninku. Kwana biyu tana yajin ci, a na uku yunwa ta sasanta su.

To, makon jiya wani direban babbar mota ya tsaya shan shayi a bakin titinmu, sai ga labarin mai fatu ya fito daga bakinsa, ko waƙafi bai canza ba. Na yi dariya. Amma da na gaya wa Inna ba ta yi ba. Ni na duba naman, hancina bai ce komai ba, kuma hancin nan bai taɓa ba ni kunya ba. Duk da haka, ke da kike ciki, me idonki ya gani? Ki rubuto min in karanta wa Inna hankalinta ya kwanta.

Kawunki.

*

Kawu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Muna lafiya, yara suna gaishe ku, babbar ta shiga aji huɗu. Na ji rashin lafiyar Inna, hankalina ya tashi. Allah ya ba ta sauƙi. Ka ce mata bayan da ya goye ni ba ya mantuwa, aiki ne ya yi yawa.

Game da abin da ka tambaya, ni ba na ganin yanka. Ina tsaye ne a ƙarshen bel ɗin inji, leda tana zuwa a rufe, ni kuma ina manna mata sitikar kwanan wata. Daga safe zuwa la'asar aikin ke nan, a ɗaki mai sanyi, da safar hannu da takunkumi. Ɗakinmu ba shi da taga.

Amma Kawu, na ji ana cewa ƙwai da wake da kifi su ma suna ƙara jini. Da za a bar Inna da su na ɗan lokaci, da na fi samun natsuwa. Ni ma su nake ba yarana yanzu, mun daɗe ba mu ɗora nama ba. Sufeto kuma a koma ba ta ragowar abincinku kamar da, ai da shi ta girma.

Don Allah nan gaba in za ka rubuto, ka ba ni labarin gida kawai. Shi na fi kewa.

'Yarka.

*

Uwata ƙarama,

Bayan gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, na karanta sau biyu, na biyun da tabarau. Muna nan yadda kika sani. Inna ta ɗan yi ƙarfi, sai dai cikinta yana murɗa mata jefi-jefi, ni kuma na ɗora laifin a kan ƙwayoyin likita, don baƙaƙe ne kamar kashin akuya.

Na gane abin da kike nufi, ba sai kin faɗa ba. Kina tausayin aljihun tsoho, sai kika naɗe tausayin a cikin wake. Allah ya yi miki albarka. Amma ki sani, mahaucin da ya ciyar da rabin gari bai kai lalacewar da zai ba matarsa wake likita yana cewa nama ba. Abin da ya dame ni shi ne ke da kike aiki a gidan nama, yaranki suna kwana ba su gan shi ba. In abin ya matse ki faɗa min, kawu ake cewa. Na kuma ji gargaɗin, ba a zagin masu gidan mutum a gabansa. Na daina. Sai dai yau ɗaya, don labarin mai daɗi ne, kuma masu gidan naki ne suka ci nasara.

Maganar direban nan ta zaga titinmu. Matan layi suka fara wuce firji suna kawar da kai, mai kanti ya rame a tsaye. Ranar Laraba da hantsi na je sayen na Inna, ita ma ta biyo ni don likita ya ce ta riƙa taka ƙafa. Muka tarar da mutane a bakin kanti ana gardama. Tela, maƙwabcinmu mai karen nan da ba ya cizon kowa sai mai gidansa, ya hango ni ya ce ga alƙali ya zo, a daina wahalar da baki. Mai kanti ya ɗauko leda ɗaya ya yanka ta da reza ya ɗora min a kan tebur.

Uwata, na daɗe ban ji abin da na ji ranar ba. Aka ja baya aka ba ni fili. Na naɗe hannun riga. Na yi wa naman gwaji ukun da ubangidana ya koya min tun ina ɗauke masa tire. Na farko ido. Na kai shi bakin ƙofa wurin haske, ja ne jawur, kamar yanzu aka sa wuƙa. Na biyu yatsa. Na murza shi, ba yauƙi, ba danƙo. Na uku hanci. Na rufe ido na ja numfashi har sau uku, don kada a ce na yi gaggawa. Babu komai. Ko ƙarnin nan na jini da sabon nama yake yi babu. A raina na ce lallai injin bature ya fi mu tsabta, mu da muke wanke tebur da bokiti ɗaya.

Na buɗe ido na ce musu, "Wannan shi nake ba matata kullum. Ga ta nan tsaye, ku tambaye ta."

Aka juya aka dubi Inna. Ta gyara riƙon kwandonta ta ce haka ne.

Tela ya ɗauki leda uku a take, ya haɗa da gwangwani biyu na karensa. Mai kanti ya ƙi karɓar komai a hannuna ranar. Yanzu in mace ta tsaya tana jujjuya leda, sai ya ce mata wanda tsohon mahauci ya duba ne. A hanyar gida har na manta da gwiwata. Inna ta ce in rage sauri, ba ni kaɗai nake tafiya ba.

Tana ci kuwa. A hankali take ci, tana kora kowace loma da ruwa, amma ina zaune a gabanta har sai kwanon ya koma fari. Ki kwantar da hankalinki.

Kawunki.

*

Uwata ƙarama,

Ina gaisuwa. Mako biyar ke nan ba amsa. In maganar aljihu ce ta ɓata miki rai, wasa nake yi, kin san bakina.

Lafiya a nan ba ta cika ba. Sufeto ta mutu. Ta yi kwana goma ba ta komai sai shan ruwa da amai, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, ta koma ƙarƙashin wurin wanke-wanke ta ƙi fitowa. Ranar Asabar da safe Inna ta tura hannu ta taɓo ta a sandare. Na ce shekaru ne, ta kai sha uku. Sai tela ya leƙo ta katanga ya ce karensa ma haka yake yi, shi kuwa ko uku bai cika ba. Na ce to, wata cuta ce take yawo a cikin dabbobi.

Inna ba ta yi kuka ba, ta wanke kwanon kyanwar ta kife. Ita kanta kwana biyar ke nan tana gudawa, jiya da jini a ciki. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, kuma ta ce fitsari ya ɗauke mata. Na ƙara mata romon naman don ta sami ƙarfi, ba ya zama. Gobe da sassafe zan kai ta babban asibiti.

Ki rubuto ko layi biyu ne. Tana tambaya.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Ban san yadda wasiƙar nan za ta same ku ba. Don girman Allah, in akwai sauran ledar nan a gida ka zubar, kada ka ba ko kaza.

Ba fushi na yi ba. Gidan da nake ciki na kamfani ne, wasiƙun ma'aikata kuma ta ofis suke shiga su fita. Taka ta farko a buɗe aka miƙo min ita, an manne bakin da salatif. Shi ya sa na yi maganar wake. Na zaci za ka gane. Na ce Kawu da yake gane saniya mai ciwo daga tafiyarta, in ya ji ma'aikaciyar gidan nama ta hana 'ya'yanta nama, ai magana ta ƙare. Wannan da ƙafata na kai ta gidan waya na cikin gari.

Gaskiya ne ban ga yanka ba. Amma na ga abin da yake dawowa. Duk ranar Litinin motoci suna kawo kwalayen da kwanansu ya ƙare a kantuna. Ba a ƙona su. Ana shiga da su ɗakin baya, a farke ledojin, a juye a wani babban tanki mai ruwan da yake warin maganin wanke banɗaki. Masu aikin wurin idanunsu kullum jajaye ne. In an tsame, sai a haɗa da sabo a sake niƙawa, a zuba a sabuwar leda, a hura mata wata iska da take hana shi canza launi. Daga nan ya hau bel ya zo wurina, ni kuma in manna masa sabon kwanan wata. Wani naman na san na manna masa sau uku. Wanda ya riga ya yi kore, da dabbobin da suka iso a mace a cikin mota, su ake dafawa a yi na gwangwani. Abin da Sufeto ta ci ke nan.

Kawu, ba hancinka ne ya tsufa ba. An yi tankin nan ne saboda hanci irin naka.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, gara ka ji daga bakina. Na rubuta duk wannan tun makon da na karanta labarin bakin kanti. Na sa a jaka. Mako biyar tana ciki, ina zuwa aiki da ita ina dawowa. Ranar da aka ɗauke mu mun sa hannu a takarda cewa ba za mu faɗi abin da muka gani ba. Matar da take tsaye kusa da ni a bel ta gaya wa ƙanwarta, ƙanwar ta gaya wa wani. Kwana biyu aka ba ta ta fitar da kayanta daga gidan kamfani. Na gan ta a bakin ƙofa zaune a kan katifa, da 'ya'ya uku. Tun da mijina ya rasu ba ni da wani rufin sai wannan. Kullum sai in ce gobe zan aika, ai mutane da yawa suna ci ba abin da ya same su. Da wasiƙarka ta zo da labarin jini, sai na ciro ta na sake kwafewa, don ta farkon ta yi laushi a jaka.

Ban san me zan ce ka ce wa Inna ba.

'Yarka.

*

Uwata ƙarama,

Gaisuwa. Wasiƙarki ta same ni Inna tana kwana na tara a asibiti. A kan bencin baranda na karanta, na ninke, na zauna ina kallon wani mutum yana goge ƙasa har ya gama barandar ya dawo.

Ƙoda ce. Duka biyun sun tsaya. Ana ɗora ta a kan injin wankin ƙoda sau biyu a mako, da an so uku, amma injin biyu ne, masu jira kuma sun fi kujerun wurin yawa. In an sauko da ita tana yin kamar rigar da aka matse. Likitar da take duba ta yarinya ce, ba za ta girme ki ba. Na tare ta a ƙofa na tambaye ta ko nama zai iya yin haka. Ta ce zai iya, musamman ga tsoho mai ƙarancin jini, amma ba za ta rantse ba tunda ba a gwada abin da aka ci ba. Ta ce akwai mutum huɗu a ɗakin da irin wannan, biyu daga unguwarmu. Ɗaya a cikinsu na san ta. Tana tsaye a bakin kanti ranar da na naɗe hannun riga.

Ba na jin haushinki. Na nemi haushin, na duba ko'ina, na tarar duk na riga na kashe shi a kaina. Kin rubuta min a fili yadda mai hankali zai gane, ni kuma na tsaya ina kare aljihuna.

Akwai sauran leda ɗaya a firji, ban zubar ba. Na kai ta ofishin masu duba abinci, hawa na uku, ba lif, ni da gwiwata muka yi ta sulhu a kowane bene. Jami'in mutumin kirki ne, ya ba ni kujera. Ya juya ledar ya karanta sitika, ya ce ai saura kwana goma sha ɗaya kwananta ya ƙare. Na ce sitikar ƙarya ce. Ya farke ledar, ya kai hanci, ya ce shi bai ji komai ba, ko ni na ji? Na ce ban ji ba. Ya ce to Baba, ka gani. Injin gwajinsu ya lalace tun bara. Ya ce abin da zai sa su shiga kamfani shi ne wani daga ciki ya zo ya rubuta abin da ya gani, ya sa sunansa da hannunsa. Ya tambaye ni ko na san wani. Na ce ni tsohon mahauci ne, duk wanda na sani ya mutu ko yana gadin motoci.

Daga can na wuce kanti don in janye maganata. Na tsaya daidai inda na tsaya ran nan, na ce jama'a na yi kuskure, naman nan ba shi da kyau, ku daina saya. Mai kanti ya fito da kujera da ruwan sanyi, ya ce in zauna, rana ta yi zafi. Tela, wanda ya binne karensa makon jiya, ya dafa kafaɗata ya ce wa mutane a yi min uzuri, jinya ba abin da ba ta sawa. Ya juyo ya ce min, "Haba maƙwabci, kai fa ka sunsuna da kanka, muna kallo." Ina cikin bayanin tanki wata mata ta ce in ɗan matsa, ta buɗe firji ta ɗauki biyu. Da na ce yana da kyau, mutum ashirin suka yarda a minti ɗaya. Yanzu sun fi yarda da ni na ranar nan fiye da ni na yau.

Ban ce ki zo ki sa hannu ba. Na dai gaya miki abin da mutumin ya ce.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ya mai jiki? Allah ya sa kaffara ne.

Akwai irin ofishin nan a nan ma. Ranar hutuna na je. Na kai har ƙofa, na karanta allon, na ga mai gadi yana rubuta sunan duk wanda zai shiga a littafi. Na tsaya kamar mai jiran wani, sannan na juyo. Ba zan iya ba, Kawu. Na gwada, ƙafata ta ƙi.

Na nemi aiki a wani kamfanin naman da yake ƙetaren gari. Wata da ta baro can ta ce min kada in wahalar da kaina, tankinsu ya fi namu girma. Na nemi izinin zuwa ganin Inna, an ce sai ƙarshen wata. Jiya Litinin ce, motoci sun zo, na manna sitika har la'asar.

Abu ɗaya nake so ka gaya min, kada ka rufe ni. Inna ta san hannuna yana ciki?

'Yarka.

*

Uwata ƙarama,

Ina gaishe ki da yaran. In za ki iya zuwa kafin ƙarshen wata, ki zo. Likita ta daina maganar ranar sallama. Yanzu in ta zo sai ta tambaye ni ko na ci abinci, kin kuwa san in likita ta koma duba mai jinya, ta gama da mai ciwo.

Ban ga laifinki a kan ofis ba. Ni da ba ni da abin da za a ƙwace min, hawa uku kawai na yi na dawo da leda a hannu.

Ga amsar tambayarki. Ban gaya wa Inna komai ba, wasiƙarki tana aljihuna tun ranar. Na ga kin yi mako biyar da taki, na ce bari in ga ko zan fi ki, ban kai biyu ba. Jiya da hantsi, bayan an sauko da ita daga inji, na ja kujera na ce ina da magana. Na fara tun daga mai fatu, kin san ni, ba na iya shiga gida sai na zaga ta bayansa. Ban kai ga tanki ba ta ɗaga hannu ta ce in bari, numfashinta ba zai kai ƙarshen labarina ba.

Ta ce ta sani tun tukunyar farko. Wai in ta ɗora shi, ruwa yake fitarwa mai launin toka, da kumfa, ya tsuke ya koma rabi. In ta ci kuma yana bar mata ɗanɗano a harshe kamar ta tsotsi makulli. Ta ce shekara talatin da takwas tana dafa naman hannuna, ko a mafarki aka ba ta wani za ta gane. Ni hancina a ɗanye ya tsaya, ban taɓa tsayawa a kan tukunya ba.

Na ce to me ya hana ki faɗa?

Ta ce ta yi niyya. Ranar da ta biyo ni kanti ma, so take mu dawo ta hanyar masu kifi ta gaya min a hankali. Sai tela ya kira ni alƙali.

"Tun da aka rufe mayanka ban ga ka miƙe wuya kamar ranar ba," in ji ta. "Ka ce a tambaye ni a gaban mutane. Me zan ce? Daga baya kuma kana zaune kana kallon kwanon. Na ce ai ba zai wuce ciwon ciki ba."

Na ce da kin zubar a bayan idona. Ta ce yaushe na ba ta bayan idon.

Sannan na gaya mata naki, sitika da jaka da duka. Ta saurara har na gama. Sai ta ce a gaya miki ki riƙe aikinki, yara su sami wurin kwana, kuma ki riƙa sa safa biyu tunda ɗakin da sanyi. Iyakar abin da ta ce a kanki ke nan, ban rage ba, ban ƙara ba.

Da na fito sayo mata ruwa na bi ta gaban kanti. An kawo sabbin kwalaye, ana jerawa a firji. Mai kanti ya ɗaga min hannu ya tambayi mai jiki, na ce da sauƙi.

Mutane da yawa sun kawo min labarin naman nan, kowa na samo masa abin da zan ce. Wannan karon, da na koma wurin Inna da ruwan, sai kawai na gyara mata filo. In wata rana yaranki sun tambaye ki wa ya gaya wa kakansu gaskiyar naman nan a ƙarshe har ya yarda, ki ce musu Inna ce, wadda ya zauna a gabanta yana jira ta cinye.

Kawunki.